Shokazobar gaban babur: Yadda ɗan mai kaɗan ke riƙe taya a hanyoyin ƙasar Yauri

Daga Yelwa zuwa Birnin Yauri da Wara, ko daga Shanga zuwa ƙauyukan da ke bakin Kogin Neja, babur ne ke ƙarasa da mutum inda mota ta tsaya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya mamaye tsofaffin garuruwa da tsibirai, aka sake tsugunar da dubban mutane a sababbin matsugunai, kuma da yawa daga cikinsu hanyar burji ko ta ƙafa ce ke haɗa su da babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega. A kan irin waɗannan hanyoyi ake ɗauko kifi da albasa da shinkafa zuwa kasuwa, a kansu malamin makaranta da ma'aikacin lafiya ke zuwa wurin aiki, a kansu ɗan kabu-kabu ke neman abin kai wa gida.

Duk wanda ya lura da baburan da ke jere a tasha ko a bakin ruwa zai ga cewa da yawansu suna da wani baƙin danshi a sandunan gaba, ƙura ta manne a kai ta zama dauɗa. Masu baburan sukan ɗauke shi a matsayin ƙazanta kawai, tunda inji na tashi kuma babur na tafiya. Alhali wannan danshi shaida ce cewa man da ke cikin shokazobar gaba yana tsiyayewa, kuma wannan mai, wanda a ƙananan babura bai kai rubu'in lita ba a kowace sanda, shi ne ke hana tayar gaba rabuwa da ƙasa a lokacin da mahayi ya fi bukatarta, wato wajen kama birki da shan kwana.

Abin da ke cikin sandunan gaba

Irin shokazobar da ke gaban Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Honda CG125, da mafi yawan baburan da ke yawo a Najeriya, sanduna biyu ce, ɗaya a kowane gefen taya. Kowace sanda bututu biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya kamar yadda wuƙa ke shiga kube. Bututun sama shi ne ƙarfen nan mai ƙyalli da aka ɗaure a wuyan babur. Na ƙasa, wanda za mu kira kube, shi ne mai kauri da ke riƙe da taya. Idan taya ta hau tudu, kuben ne ke tasowa ya haɗiye bututun sama, idan ta sauka kuma ya koma. A ƙananan baburan haya tsawon wannan kai-komo bai cika wuce santimita 11 zuwa 13 ba.

A cikin kowace sanda akwai sifirin mai tsawo, da mai, da iskar da aka bari a saman man, da kuma wani ƙaramin bututu mai huje-huje da aka ɗaure da noti a gindin kuben, kansa yana cikin bututun sama. Wannan shi za mu kira bututun ciki. A bakin kuben kuma akwai sil, zoben roba mai kaifin leɓe da ke share mai daga jikin bututun sama don kada ya fito, sannan a samansa akwai wata robar da ke kare ƙura.

Sifirin na ɗaukar nauyi, mai na kwantar da tsalle

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyin babur da mahayi da kaya. Masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana a 1678 cewa gwargwadon yadda aka danne sifirin, gwargwadon ƙarfin da yake turowa: wanda ya lotsa santimita 2 yana turowa ninki biyu na wanda ya lotsa santimita 1. Sai dai sifirin ba ya cin amana kuma ba ya yafe bashi. Duk ƙarfin da tudu ya ba shi ajiyewa yake yi, ya mayar da shi kusan cif-cif. Da sifirin kaɗai ne a gaban babur, da zarar an taka dutse ɗaya gaban zai yi sama, ya faɗo, ya sake yin sama, ya yi ta rawa sau da yawa kafin ya lafa. A duk lokacin da gaban ya yi sama da ƙarfi, nauyin da ke kan taya yana raguwa, wani lokaci ma ta bar ƙasa gaba ɗaya. Tayar da ke iska kuwa ba ta kama birki, ba ta bin inda aka juya kan babur.

A nan ne man ke shigowa. Duk motsin da sandar za ta yi, sama ko ƙasa, dole sai ta tura mai ta cikin huje-hujen bututun ciki. Tura ruwa ta matsattsen wuri aiki ne mai cin ƙarfi, kuma ƙarfin da ya tafi a nan ba ya dawowa, zafi yake zama ya bi jikin ƙarfe ya fita. Shi ya sa bayan doguwar tafiya a kan gargada, wanda ya dafa kuben zai iya jin ɗumi. Tsallen da ya kamata ya jefa gaban babur sama ne ya koma zafi.

Kafin a kai ga wannan dabara, tsofaffin babura suna amfani ne da fayafayai masu gugar juna, ana ƙara musu ƙarfi da hannu ta hanyar ɗaure noti. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fito da babura samfurin R12 da R17 a 1935 masu sandunan gaba da ke aiki da mai, daga nan tsarin ya bazu, har ya zama shi ne a kan kusan kowane babur a duniya.

Hanyar da man ke bi

Idan taya ta hau tudu, kube ya taso, wurin da man ke zaune a gindinsa yana ƙanƙancewa. Man yana da mafita biyu. Wani ɓangare yana tura wani ɗan bawul da ke ƙasan bututun sama ya shiga wani ɗan ɗaki da ke tsakanin bawul ɗin da kan bututun ciki. Sauran kuma yana shiga manyan huje-hujen da ke kusa da gindin bututun ciki ya hau sama. Da yake ƙofofin suna da faɗi, man ba ya yin taurin kai sosai, sandar tana lotsawa da sauri ta bar taya ta kauce wa tudun.

Idan an wuce tudun, sifirin ya fara mayar da kuben ƙasa, sai labari ya canza. Bawul ɗin nan hanya ɗaya yake buɗewa, saboda haka yanzu ya rufe. Man da ya shiga ɗan ɗakin ya maƙale, ba shi da mafita sai wani ɗan ƙaramin huji da ke kusa da kan bututun ciki. Ta nan yake kurɗawa a hankali, kuma gwargwadon yadda yake fita, gwargwadon yadda sandar ke miƙewa.

Da gangan aka yi wannan bambanci. A wajen lotsawa, sifirin da kansa yana tare nauyi, kuma ana son taya ta ja da baya da sauri don kada duka ya kai ga hannun mahayi. A wajen miƙewa kuwa babu mai riƙe sifirin sai man kaɗai, don haka aka matse masa hanya. A can gindin kuben kuma akwai wani ƙarfe mai siffar mazurari da ke kulle ɗan mai a ƙarshen lotsawa, ya zama matashi don kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙarar "ƙwas" da ake ji idan babur ya faɗa rami sau da yawa alama ce cewa babu isasshen man da zai yi wannan aiki.

Darasin filafili

Duk wanda ya taɓa tuƙa kwale-kwale a tafkin Kainji, ko ya kalli tseren jirage a bikin Rigata na Yauri, ya san wani abu game da ruwa da ke bayyana halin shokazoba. Idan aka ja filafili a hankali, ruwa na ba shi hanya ba gardama. Idan aka fizge shi da sauri, sai ruwan ya tsaya kamar bango. Haka man ke yi a bakin huji. Turjiyarsa tana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa: idan gudun man ya ninka sau 2, turjiya takan ninka kusan sau 4, idan ya ninka sau 3 ta ninka kusan sau 9.

Wannan ne ke sa irin wannan shokazoba tana da fuska biyu. Idan mahayi ya kama birki, nauyi yana zubowa gaba ne a hankali, man yana wucewa cikin sauƙi, sai gaban babur ya durƙusa. Idan kuwa taya ta daki bakin kwalta da ya karye ko gefen kwalbati, sandar tana son lotsawa cikin ƙiftawar ido, man ya ƙi wucewa, sai dukan ya hau kafaɗun mahayi. Babur ɗaya ne, mai ɗaya ne, amma ya yi laushi a inda ake son ƙarfi, ya yi tauri a inda ake son laushi. Wannan iyakar tsarin ce tun daga masana'anta.

Don magance haka ne a shekarun 1980 aka fara sa wa baburan tsere, daga baya manyan baburan titi, wani tsari da ke rufe huje-hujen da siraran fayafayan ƙarfe masu lanƙwasuwa. Idan motsi a hankali ne, fayafayan suna rufe, man na shan wuya, gaban babur ba ya durƙusawa. Idan duka mai ƙarfi ya zo, sai su lanƙwashe su buɗe babbar hanya. Tsarin ya fi daɗin hawa amma ya fi tsada da wuyar gyara, shi ya sa baburan haya suka tsaya a kan bututu mai huji, wanda bakaniken kowane ƙauye zai iya kwancewa da sifana.

Lissafin filafili yana da wani gargaɗi. Idan faɗin huji ya ragu da rabi, filin da man zai bi ya koma kashi ɗaya cikin 4, gudunsa ya ninka sau 4, turjiya kuma ta iya ninkawa har sau 16. Saboda haka ɗan dattin da ya toshe gefen ƙaramin hujin nan ya isa ya canza halin babur baki ɗaya, kuma faɗaɗa huji ko toshe shi da ka, ba tare da awo ba, caca ce.

Gargada da kaurin mai

Hanyar burji da motoci suka daɗe suna bi takan yi kunya-kunya a jere kamar gona. A ɗauka tsakanin kunya da kunya mita 1 ne. Babur mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa, ke nan tayar gaba tana shan duka 10 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin duka da duka, sandar tana da kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa ta miƙe ta shirya wa na gaba.

Idan man ya tsiyaye ko ya tsinke, sandar tana miƙewa da ƙarfin da ya wuce kima, taya ta riƙa tsalle daga kunya zuwa kunya, kan babur ya yi ta karkarwa a hannu. Idan kuma man ya yi kauri da yawa, sandar ba ta gama miƙewa ba duka na biyu ya zo, ta ƙara lotsawa, na uku ya ƙara, har ta maƙale a ƙasa inda sifirin ya riga ya yi tauri. Mahayi zai ji kamar babu shokazoba sam, alhali cike take da mai.

Wannan na biyun ya zama ruwan dare saboda al'adar zuba man inji a sandunan gaba. Man inji mai lamba 20W-50, wanda shi ne aka fi samu a hannun masu sayar da mai a bakin titi, ya ninka man shokazoba mai lamba 10W kauri kusan sau 4 a zafin digiri 40. Ana zuba shi ne da niyyar babur ya ƙara ƙarfin ɗaukar kaya, ko don ya rage yoyo. Amma mai ba ya ɗaukar nauyi. Babur da ke tsaye da buhu a kansa zai lotsa daidai wurin da sifirin ya yarda, ko da zuma aka zuba a ciki, sai dai ya ɗauki lokaci kafin ya kai. Abin da kauri ke canzawa shi ne saurin motsi, kuma ya fi shafar miƙewa, tunda ta ƙaramin huji take bi. Baƙin man da aka juye daga inji ya fi muni, domin yana ɗauke da garin ƙarfe da toka masu cin sil da toshe huji.

Man shokazoba na musamman an haɗa shi ne don kada ya yi kumfa, kuma kada kaurinsa ya canza sosai tsakanin sanyi da zafi. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar Yauri, inda safiyar hunturu kan sauko ƙasa da digiri 20, ranar Maris da Afrilu kuma ta kusanci digiri 40 ko ta haura. Man da bai dace ba yakan yi kamar man shanu, da asuba a daskare, da azahar a narke, babur ya zama yana da hali biyu a yini ɗaya. Inda ba a samu na musamman ba, jan man giyar mota mai canza kanta, wanda ake kira ATF, ya fi kusa da kaurin da ake bukata, kuma shi ne littattafan wasu tsofaffin baburan Honda suka ce a zuba. Abin da littafin kowane babur ya faɗa shi ne abin bi.

Iskar da ke saman mai

Akwai sifirin na biyu a cikin sandar wanda ido ba ya gani, wato iskar da ke kulle a saman man. Robert Boyle ya nuna a 1662 cewa idan aka matse iska ta koma rabin wurin da take, ƙarfin turinta yana ninkawa biyu. A farkon lotsawa iskar ba ta da wani tasiri, amma a ƙarshe ita ce ke taimakon sifirin ta hana sandar kaiwa ƙasa.

A ɗauki misali. Idan wurin iskar mililita 120 ne, cikakkiyar lotsawa kuma tana cinye 80, saura 40, ƙarfin iskar ya ninka aƙalla sau 3. Idan bakanike ya ƙara mai mililita 20 kacal a kan ƙa'ida, wanda bai wuce cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ƙari ba, wurin iskar ya koma 100, saura 20 a ƙarshen lotsawa, ƙarfin ya ninka aƙalla sau 5. Sandar za ta yi tauri kafin ta kai ƙarshe, matsin kuma zai nemi hanyar fita ta sil. Idan aka rage man, akasin haka ne zai faru, babur ya riƙa bugawa a kowane rami, huje-hujen kuma su riƙa shaƙar iska maimakon mai. Saboda haka ba a zuba man shokazoba da ido. Ana aunawa da sirinji ko kwalba mai ma'auni, kuma sandunan biyu su sami daidai wa daida.

Abokan gaban sil a bakin tafki

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon shokazoba shi ne sil, kuma yanayin wannan yanki yana kai masa hari ta fuskoki da dama.

Ƙurar hunturu da jan garin burji suna manne wa ɗan maiƙon da ke jikin bututun sama su zama kamar takardar gugar katako, suna cin leɓen sil a kowace lotsawa. Da damina kuma, ko lokacin da ruwan tafki ya ja baya ana gangarawa ta cikin laka kafin a kai ga jirgi, taɓo yakan fantsama a bututun ya bushe ya yi tauri, lotsawar farko ta tura shi cikin robar. Danshin bakin ruwa yana sa tsatsa ta huda ƙyallin bututun, ta bar ƙananan ƙuraje masu kaifi, kuma ƙurji ɗaya ya isa ya yanke sabon sil cikin 'yan kwanaki. Wanda ya canza sil bai gyara bututun ba zai koma wurin bakanike ba da daɗewa ba.

Ɗora babur a jirgin ruwa don tsallakawa, kamar yadda ake yi tsakanin Yelwa da Rofia ko a ranakun kasuwar Wara, yana da nasa haɗarin. Igiyar da aka ɗaure a jikin bututu mai ƙyalli, musamman idan akwai yashi a jikinta, tana karce shi, haka ma jingina shi a gefen jirgi ko a jikin wani babur. Ya fi kyau a ɗaure daga kan babur ko daga wuyansa. Idan an kwantar da babur a jirgi, bayan an sauke yana da kyau a kama birki a danna gaban sau da yawa don man ya koma mazauninsa kafin a hau hanya.

Man da ya fito ba ya tsayawa a inda ya fito. Yana gangarowa ta jikin kube zuwa inda birkin gaba yake. Idan ya taɓa faifan birki ko layinin, birkin ya tashi daga aiki. Masu koyar da tuƙi suna ƙiyasta cewa birkin gaba ne ke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayar da babur, domin nauyi gaba yake komawa a lokacin tsayawa. Sil ɗaya da ya lalace yana iya kashe abubuwa biyu a tare, riƙon taya da kamun birki.

Kaya ma suna da nasu rabo. Buhunan da aka ɗora can bayan kariya suna ɗaga gaban babur, tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa lilo. Babu irin man da zai gyara wannan, sai dai a matso da nauyi tsakiya ko a rage shi.

Gwajin da kowa zai iya yi

Mai babur, ko ɗan kasuwa da ma'aikacin da ya sayi babur ya ba wani haya yana karɓar balas, ba ya bukatar kayan aiki kafin ya san lafiyar shokazoba.

Da farko a goge bututun sama da tsumma mai tsafta, a kama birkin gaba, a danna kan babur da ƙarfi sau 5 ko 6. Idan zoben mai ya bayyana a jikin bututun, sil ya mutu. Sannan a danna sau ɗaya a saki. Lafiyayyar shokazoba tana tasowa a natse ta tsaya. Idan ta yi sama ta dawo ta sake tasowa, man ya ƙare ko ya tsinke. Idan ta taso da ƙyar, ko tana tsayawa-tsayawa, man ya yi kauri, ko bututu ya lanƙwashe, ko an ɗaure notin taya a karkace.

Don a san ko sifirin ya gaji, a ɗaura zare a jikin bututun sama daidai bakin kube, mahayi ya hau a hankali ya ɗage ƙafafunsa wani na riƙe da babur, sannan ya sauka, a ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, a auna tazarar zaren daga bakin kube. Bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin 3 na tsawon kai-komon sandar ba, wato kimanin santimita 3 zuwa 4 a ƙaramin babur. Idan ta kai rabi tun ba a motsa ba, sifirin ne ke bukatar canji.

A shafa hannu a jikin tayar gaba. Idan ta cinye tudu-da-kwari maimakon bai ɗaya, hakan yakan nuna tana tsalle a hanya. Ƙarar bugawa daga gaba kuwa ba kullum daga shokazoba take ba, boris ɗin wuyan babur da ya yi sako-sako ma yana yin irinta, don haka a sa bakanike ya duba duka biyun.

A wurin bakanike

Man shokazoba yana tsufa ko da bai zuba ba. Gugar ƙarfe tana mayar da shi toka-toka mai wari, danshi na shiga ya sa shi ya yi kamar kunu. Ga babur ɗin da ke aiki kullum a ƙura da taɓo, canza shi sau ɗaya a shekara, musamman bayan damina, shawara ce mai kyau. A nemi bakanike ya juye tsohon man gaba ɗaya, ya wanke ciki, ya duba huje-hujen bututun ciki, ya canza sil na sandunan biyu tare. Murfin saman sandar yana ƙarƙashin turin sifirin, yana iya tashi ya ji wa mutum rauni a fuska, saboda haka ba aikin yara masu koyo ba ne su kaɗai.

Bututun da ya lanƙwashe ana gane shi idan aka mirgina shi a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen tebur. Wanda ya yi ƙwarya ko ya tsage a wurin lanƙwasar ba ya gyaruwa da guduma, canji yake so, domin ƙarfen ya riga ya raunana a wannan wuri. Robar nan mai naɗe-naɗe da ke rufe bututun sama, wadda wasu ke cirewa don ado, ita ce kariya mafi araha daga ƙura da duwatsu, kuma idan ta yage gara a canza ta, domin yagaggiya tana tara ruwa da yashi a ciki. Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar da shi a magudana ko a bakin ruwa, tunda tafkin da zai gangara shi ne ke ciyar da masunta.

Kuɗin sil biyu da rabin litar mai bai kai na tayar gaba ɗaya ba, balle na jinyar karaya ko asarar kayan da suka zube a hanya. Wanda ya ba da babur haya yana da haƙƙin ya saka wannan gyara cikin lissafinsa, kada ya bar wa mahayi zaɓi tsakanin cika balas da gyaran abin da ke riƙe da ransa da na fasinja. Duk safiya, kafin a tayar da inji, a goge bututun sama, a danna gaban babur sau ɗaya a ga yadda ya taso.